Baƙar Laka a Jikin Saiwar Dawa

Bana ma bazara ta ja. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan hadari na haɗowa daga gabas bayan la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sannan iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari ƙasa na nan kamar an soya ta. Jiya babban ɗana Mamman ya dawo daga kasuwar Bakori da saurinsa, ya tsuguna gabana a zaure ya ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a wajen Ɗanja, har an yi shuka, ya kamata mu ma mu buɗe iri. Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce kowa na faɗi. Na ce to a cikin kowan nan, wane ne ya taka gonar da ƙafarsa? Sai ya yi mini irin kallon nan na tsoho ya fara rikicewa. Mamman har furfura ta fito masa a gemu, amma haƙuri bai iso shi ba tukuna. Ban ga laifinsa ba, a wurina ya gada.

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan da aka yi wata bazara irin wannan a garinmu Tudun Kanya, ɗan garin da ke da 'yar ganuwarsa tsakanin Maska da Malumfashi. Mahaifina ya rasu da kakar da ta gabace ta, gandu ya dawo hannuna ina da shekara talatin ko kusa da haka. Ga matata Ladi da 'ya'ya biyu, ga ƙanena Sule da tasa matar, ga mahaifiyarmu Inna. Damanar baya fara ta sauka mana, ta cinye gero, ta bar mana rabin dawa. Kafin zafi ya kankama, in ka leƙa rumbunmu sai ka ga ƙasansa.

Inna maginiyar tukwane ce. Duk randar da ke garin nan a lokacin, in ba ta gina ba to uwarta ce ta gina. Ba mai yawan magana ba ce, ni kuwa da nake ɗan farinta, tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunana ba. Ko fuska da fuska ba ta yi mini magana. In tana son in ji wani abu, sai ta dubi Sule ko Ladi ta ce, ku gaya wa wancan abu kaza, alhali ina tsaye a wurin. Haka al'ada take, ban taɓa jin zafin abin ba.

A da zangarniyar iri ake ɗaurewa a rataye a ɗakin girki, hayaƙi na korar ƙwari. A shekarar nan Inna ta ce ba za a rataye komai ba, domin hannun mai jin yunwa ba abin amincewa ba ne, har da nata. Ta sa aka sussuke irin, ta cuɗe shi da toka, ta zuba a manyan tukwane uku da ta gina da hannunta. Ɗaya gero, biyu dawa, irin kaurar nan ta gidanmu. Ta kife kasko a bakin kowace ta liƙe da laka, yadda ba mai ɗibar ko tafi ɗaya sai ya fasa liƙin kowa ya gani. Abin da muka mallaka ke nan. Wanda ba manomi ba zai ce ai dawa ta fi yawa, ita ce babba. A shekarar yunwa gero ne babba, don shi ke nuna da wuri ya tare mutane tun damana ba ta ƙare ba. Dawa sai ta sha raɓar kaka tukuna, wata biyu ko fiye a bayansa.

Yadda muke wuni a bazarar nan ba wani abin ba da labari ba ne. Da asuba mata su tafi rijiya su zauna jiran ruwa ya tsatso, su kwarfo da ƙoƙo, jajawur. Mu maza mu sha kunun tsamiya wanda in ka duba cikin ƙwarya kana ganin fuskarka, mu tafi sharar gona da ƙona kara da kai taki a mangala. Kafin hantsi ya yi ƙwari ƙotar gatari ta yi zafin da sai ka tofa mata yawu kafin ka kama. Da rana ba a ɗora tukunya. Garin ɗorawa ake damawa yara su lasa, bakinsu ya yi rawaya, su koma gindin rumbu su kwanta. Da yamma a yi tuwon da rabinsa dusa ne, da miyar kuka ba daddawa. Awaki sun rame har kukansu ya canza. Gawo bai zubar da ganye ba, shamuwar da ke sauka kan kukar ƙofar gidanmu duk shekara ita ma shiru.

An fita roƙon ruwa sau biyu. Bayan na biyun ne malaman garin suka rabu. Limaminmu Malam Ilu ya ce a lissafinsa tauraron ruwa ya riga ya shiga, abin da ya rage kawai ruwan ya zubo. Malam Barau, wanda ya yi karatu a Zazzau, ya ce lissafin Liman ya zame, da sauran kwanaki masu yawa. Kowannensu da takardunsa, kowanne ya buɗe ya nuna da yatsa. Mu kuwa da ba mu iya karanta lissafin taurari ba, me muka gani? Baƙaƙe a takarda. Gaskiyar magana, yawancinmu mun bi Liman ne ba don mun fahimci hujjarsa ba, sai don shi ne ya faɗi abin da cikinmu ke son ji.

Ana cikin haka sai ga Tanko ya dawo daga kasuwar Maska. Tanko maƙwabcinmu ne mai jakuna, shi ke kai wa Inna tukwane kasuwa, mutum ne wanda ba a san shi da ƙarya ba. Bai wuce gida ba, ya tsaya gindin tsamiyar ƙofar mai gari, ya kwance wani jiƙaƙƙen tsumma. Tsiron dawa ne a ciki, cikin tafi guda, kore shar, kowane ya fi tsawon yatsa. Wata shida idonmu bai ga ɗanyen abu irin wannan ba. Na rantse har wani tsoho sai da ya kai shi hanci yana shinshina. Tanko ya ce wani mutum ya ba shi a kasuwa, ya ce masa daga kudu ya ciro. Ke nan a kudu an yi ruwan shuka tun kwanaki, har tsiro ya kai haka, kuma kowa ya san in kudu ta sha, mu ne a layi.

Tanko ya zo da labari na biyu, kuma shi ya fi tayar da hankali. A kasuwar ana cewa mahaya masu kai hari sun taso daga arewa, an ga hayaƙi ta wajen Ƙanƙara. A zamanin nan wannan ba maganar wasa ba ce, akwai gidajen da aka taɓa kwashe musu mutane a gona. Mai gari ya sa aka yi shela cewa mai yiwuwa nan da 'yan kwanaki a rufe ƙofa, ba mai zuwa gonar nesa. Kamar an haɗa baki, a ranar da la'asar sakaliya hadari ya taso, aka yi ruwa. Ba wani ruwa ba ne, ko kwata ba ta yi gudu ba, amma ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fito suna tsalle a ciki.

Da safe na je gonar bayan gari na tona da hannu. Abin da muka gada shi ne, ba a shuka sai hannu ya nutse har wuyansa yana cikin danshi. Na samu yatsa uku, ƙarƙashinsa busasshiyar ƙasa mai ɗumi. Na sani sarai bai isa ba. Kowane manomi a garin ya sani. Amma ga tsiro mun gani da idonmu, ga Liman ya ce lokaci ya yi, ga ƙofa za a rufe. Muka ce in muka jira, ruwan gaske zai zo ya same mu a kulle cikin ganuwa da iri a tukunya. Kafin rana ta ɗaga, an fara fitowa da sungumi.

Na karɓi tsiro uku a wurin Tanko na kai wa Inna, ba don neman shawara ba, don in rufe mata baki tun kafin ta buɗe. Na same ta a bayan ɗakinta tana kirɓa yumɓu. Na miƙa wa Sule, Sule ya miƙa mata. Ko kallon ganyen ba ta yi ba. Ta juya shi, ta kankaro ƙasar da ke maƙale a saiwar da farcenta, ta tofa mata yawu, ta murza a tafin hannu har ta zama kamar zare mai kauri. Sannan ta naɗe ta a ɗan yatsanta, ba ta tsinke ba. Ta ɗaga ta a rana, na ga tana ɗan ƙyalli. Sai ta ɗago kai ta dube ni, ni ɗin nan, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Wannan ba ƙasar gona ba ce," in ji ta. "Ƙasar tudu ba ta murzuwa, warwatsewa take yi. Wannan baƙar laka ce ta bakin rafi. Dawar nan ba ruwan sama ta sha ba, da hannu aka ba ta ruwa. Kada ka taɓa mini tukwane."

Na ce mata Tanko ba ya ƙarya. Ta ce ba ta ce ya yi ƙarya ba, tambaya take, shi ya ga gonar? Na ce wanda ya ba shi ya gani. Ta ce shi kuma wane ne, ɗan wane gari ne? Ban sani ba. Na kawo maganar mahaya da hayaƙi. Ta ce wace bazara ce ba a ganin hayaƙi, ko ni jiya ba kara na ƙona ba? In wani ya hango nawa daga nesa, ashe shi ma sai ya ce an ci Tudun Kanya. Ta tambaya ko an ga mutum ɗaya da ya gudo, ko mai rauni, ko akuyar da aka koro. Babu. Ta ce ita ba ta ce ba za su zo ba, Allah kaɗai ya san wannan, amma abin da aka nuna mata bai kai a fasa tukunya a kansa ba.

Tambayoyin nan suka ɓata mini rai. Ga Ladi da matar Sule sun bar daka suna saurare, ga shi a waje ina jin ƙarar sungumi na wucewa. Ni sabon maigida ne, ina ganin in na bari gari duk ya yi shuka ban yi ba, za a ce tsohuwa ke juya gidan. Sai na buɗe baki na faɗi maganar da har yau in na tuna ta nakan ji kamar in nutse.

"Inna, ki tsaya kan tukwanenki. Noma ba ginin tukunya ba ne."

Inna ta mai da kanta ƙasa. Na shiga ɗakin ajiya na sa ƙotar fartanya na fasa liƙin tukunyar gero, na fasa na dawa ɗaya, muka juye a ƙore ni da Sule, wanda yake yi yana waiwaye. Da na dawo ɗaukar ta uku, na tarar da Inna a kanta. Ta hau ta zauna kan kaskon, ta baza zanenta ya rufe tukunyar, ta ɗora curin yumɓu a cinya tana ta murzawa kamar ba abin da ke faruwa. Ba ta dube ni ba. To, duk rashin kunyata, ban kai in ɗaga uwata daga inda ta zauna ba. Na juya na fita ina ƙunƙuni. Kwana uku ta yi ba ta nisa da tukunyar nan, a nan take sallah, a nan ake kai mata kunu.

Ba zan ɓoye ba, shukar nan ta yi daɗi. Maza a gaba da sungumi muna sara, mata a baya suna jefa iri suna takewa da diddige, ana ta ba'a daga gona zuwa gona. Har waƙa aka yi. Da yunwar da komai, muka gama gandu a kwana biyu, muka zuba geron nan kaf. A kwana na huɗu tsiro ya fito layi-layi, gona ta yi kyau. Na riƙa shigowa gida ina ba Sule labarin tsiron da ƙarfi don a ji a bayan ɗaki. Ladi ta ja ni gefe ta ce in rage murya, ruwa dai bai ƙara zuwa ba.

Bai kuwa ƙara ba. Da ba a yi ɗan ruwan nan ba sam, da irin ya kwanta a busasshiyar ƙasa yana jira, da yawansa ya tsira. Amma ya sami abin da ya ishe shi tsirowa, bai sami na rayuwa ba. Rana ta buɗe. Da farko ganyen kan naɗe da tsakar rana ya warware da yamma. Daga baya ya daina warwarewa, ya tsaya kamar allura, ya yi fari-fari, in ka taɓa ya karye. Kullum da safe sai in je in tsaya a bakin gona kamar zuwana zai yi wani abu. Bayan mako biyu iska ta share wurin, ka ce ba a taɓa shuka komai ba. Ƙofar gari kuwa an rufe ta kwana biyu, awaki suka ishi mutane da kuka, aka buɗe. Ba mahayin da ya zo. Sun zo dai bayan shekara uku, ana tsakiyar girbi, kuma a ranar ba wanda ya riga su da labari ko hayaƙi.

Inna ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Wata safiya dai ta ce wa Sule ya gaya wa wancan yumɓunta ya ƙare, ya ari jakin Tanko ya je ramin da take ɗiba, kuma in ya je ya duba bakin lambun da ke kusa. Ramin yana bakin wani rafi, tafiyar hantsi daga garinmu, dab da hanyar Maska. Rafin ya ƙafe, sai 'yan rijiyoyi da masu lambu suka tona a cikinsa. Na sami wani dattijo yana jan jigo yana ba albasarsa ruwa. A gefen 'yar hanyar da ruwan ke bi, inda fatake kan ɗaure jakuna su ba su hatsi, ga dawa nan ta tsiro da kanta, kore shar, har ta kai gwiwa. Na tsuguna na ciro ɗaya. Baƙar laka mai ƙyalli a jikin saiwar.

Na tambayi mai lambun ko wani ya taɓa cirar ta. Ya yi dariya ya ce kwanakin baya wani baƙo mai zuwa kasuwa ya tsaya shan ruwa, ya ce koren ya ba shi sha'awa, ya ciri cikin tafi ya naɗe a tsumma. Ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Na loda yumɓu na kamo hanya. Da na iso na wuce wurin Tanko da niyyar in ci mutuncinsa. Na same shi zaune a ƙofar gida ya haɗa kai da gwiwa, domin shi bai rage ko ƙwayar iri ɗaya ba. Ya sake rantse mini cewa mutumin daga kudu ya ce masa. Wataƙila ma gaskiya mutumin ya faɗa, in garinsu na arewa da rafin. Shi ya ce kudu, Tanko ya ji kudu da Maska, mu muka ƙara gonaki da ruwan sama da bakinmu. Na rasa wanda zan kama, sai na zauna kusa da shi.

Shamuwa biyu suka sauka kan kukarmu wata ranar Laraba. Bayan kwana biyar ruwa ya sauko tun da hantsi, bai ɗauke ba sai bayan azahar, har katangar bayan gidanmu ta zube. Na tona, hannuna ya nutse har gwiwar hannu. Malam Barau bai ci daidai ba shi ma, ruwan ya wuce lissafinsa da kwanaki, amma ba wanda ya bi ta kan wannan. Inna da kanta ta fasa liƙin tukunya ta uku. Kafin a kai gona ta ɗebi ƙwarya guda ta aika gidan Tanko, ta ɗebi wata ta raba wa gidaje biyu, ban hana ta ba. Sauran muka shuka a gonakin kusa, ƙwaya uku-uku a rami maimakon a barbaza. Gero kuwa babu shi a garin gaba ɗaya, ba na sayarwa ba na roƙo. Gidaje da dama suka ɗaure kaya suka nufi wajen dangi a ƙasar Zazzau.

Yunwar bazara wasa ce a kan ta marka. A bazara ko'ina a bushe yake, ido da ciki sun yarda da juna. A marka duniya duk ta yi kore, kwaɗi na kuka, dawa na tashi, kai kuwa ba abin da za ka sa a baki sai ganye. Tafasa da safe, rama da yamma, yaɗiya in an samu, a dafa a matse a barbaɗa ɗan gishiri. Muka yi noman firi, wato na farko, muka yi maimai da wannan a ciki. In na sunkuya da fartanya na ɗago, sai in ga gona na juyawa, sai na dafa ƙota. Ƙafafun mutane suka fara kumbura, in ka danna yatsa ramin ya zauna. Inna ba ta iya gini, don tukunya ba ta bushewa da damana, balle a gasa a kai kasuwa a samo hatsi. Kullum aka kai mata nata kason sai ta ce ta riga ta ci. Ladi ce ta gano cewa 'yata Asabe da wannan Mamman ɗin, yana ɗan shekara huɗu, su ke cinyewa a bayan ɗaki.

Lokacin da a kowace shekara ake karyo tumun gero a gasa, gari ya cika da ƙamshinsa, yara su yi ta murza suna ci, lokacin ya zo ya wuce ba hayaƙin tumu ko a gida ɗaya. Bayansa da kamar kwana ashirin Inna ta kwanta. Na sha yin wannan lissafin, ba kuma na bukatar malami ya yi mini shi. Da geron nan yana tukunya har ruwan gaske ya sauka, da ta ci sabon hatsi kwana ashirin kafin ta kwanta. Rai na Allah ne, na sani, an kuma sha gaya mini. Amma ni na fasa liƙin nan da hannuna, kuma ban taɓa yafe wa kaina ba.

Ranar da na ga jikin ya yi nauyi, na shiga na durƙusa a bakin gadonta na ce ta yafe mini. Ta juya fuska wajen bango, ta koma yadda muka saba. Ta yi magana da Sule, muryar can ƙasa.

"Ka gaya wa wancan na yafe tun ranar. Ka kuma gaya masa tukunyar nan ta tsage a wuya, ya shafe ta da laka kafin a zuba sabon iri, kada ƙwari su shiga."

Ta rasu dawa na fitar da kai. Da kaka muka girbe abin da ya riƙe gidan har wata damana, irin da muke shukawa har yau jikan wannan ne.

Yanzu hanya ta fi da cika, fatake sun yi yawa, labari ma haka. Kowace kasuwa da abin da za a kawo, yau an ce sarki kaza ya mutu, gobe a ce yana nan da ransa, jibi a ce wasu fararen mutane sun bayyana a bakin babban kogi can kudu. Wani da takarda yake zuwa, wani da rantsuwa. Ban ce duk ƙarya ba ne, wasu sukan tabbata. Ni dai in aka miƙo mini abu, ko ba na so sai na ji hannuna ya juya shi yana neman saiwar.

Ban ba Mamman wannan labarin jiya ba. Ya san kakarsa ta rasu a shekarar yunwa, bai san kason wa ya ci ba, kuma ban ga amfanin ɗora masa ba. Na dai ce masa Ɗanja ba nisa, ya je da kansa, ya shiga gonar tudu ba ta fadama ba, ya tura hannu, ya ƙullo mini ƙasar a tsumma. In ta yi, kuma tamu ta sha har wuyan hannu, ni zan fasa liƙin da kaina. Ya fita da sassafe yana ƙunƙuni, irin nawa sak. Da ya tafi na sa aka buɗe mini ɗakin ajiya. Tukunyar Inna na nan da tsagarta a wuya, irin bana a liƙe a cikinta, duk shekara sai na shafe ta. Matan gidan na leƙowa suna dariya a hannu, wai Baba ya rasa wurin zama duk faɗin gidan nan. Na bar su su yi. Ina kanta a zaune har ya dawo.